Maki Ɗaya Na Tawali'u

A cikin makon nan, bayan an idar da sallar isha'i, ina zaune a zaure ina jiran a kawo wuta, sai ga ɗan ƙanena, yaron da in aka aike shi bakin titi sayen kananzir sai ya nemi kuɗin mota, ya yi sallama, ya durƙusa kamar mai neman fatawa, ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baffa, don Allah duba mini, bangon nan zai fi kyau da shuɗi ko da ruwan hoda?" Katin ɗan ƙwallon kwando ne irin na wasan bidiyo na NBA 2K, sai dai fuskar da ke kai, wadda aka yanko daga hoton ƙaramar salla aka dasa a wuyan wani ƙaton Ba'amurke, tasa ce, har da shatin hula a goshi.

Tsayinsa, bisa ruwayar katin, ƙafa 7 ne cif, wato kafaɗa da kafaɗa da Hakeem Olajuwon, mutumin Ikko da ya ɗauko wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, ya tare ƙwallo sau 3,830 a zamanin wasansa, kuma ya sha shiga fili da azumi a bakinsa; alhali shi ma'abucin katin, in zai sauko da tulun man shanu daga kan sif, sai ya taka turmi. Darajojin zumurrudu da yaƙutu da daiman, waɗanda masu wasan suka jera katunansu a kai, duk ya tsallake su, ya zaɓi wadda aka raɗa wa sunan wani abu da masana falaki ke cewa ya cika sararin samaniya amma ido bai taɓa ganinsa ba, kuma a nan kaɗai na ga ya yi adalci, domin ƙwarewar tasa ma haka take. Gudu 99, tsalle 99, tsaron gida 99, juriya 99.

Duk wannan da na haƙura, domin ƙuruciya dangin hauka ce. Abin da ya hana ni barci shi ne, can ƙasa, a gurbin jifan kyauta, ya rubuta 98. Da na tambayi illar wannan naƙasa, sai ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya, ya ce, "Baffa, ai kamala ta Allah ce."

Subhanallahi! Na karanta babin zuhudu, na ji labarin bayin Allah da suka bar dukiya da mulki suka shiga halwa, amma ban taɓa cin karo da wanda ya sadaukar da maki ɗaya daga abin da bai mallaka ba, sa'an nan ya zauna yana jiran lada. Ku dubi irin ijtihadin da aka sha kafin a kai ga wannan hukunci: an auna 97 aka ga ƙasƙanci ne da zuri'a ba za ta yafe ba, an auna 99 aka ji tsoron riya da bakin mutane, sai aka tsaya a tsakiya, kasancewar mafi alherin al'amura matsakaitansu. Kuma ba a cire makin daga tsalle ba, inda abokai za su gani su yi dariya. An lalubo gurbin da ko Shaquille O'Neal, wanda da ƙyar yake cin rabin abin da ya jefa, bai ji kunya ba, aka ajiye tawali'un a can, inda ba ya cin kowa. Shi kuwa makin nan da aka yanke, ban san wa aka ba ba, ko miskini ne ko ɗan hanya, ko kuwa waƙafi aka yi da shi.

Malaman hadisi, Allah ya jiƙansu, sun ƙare rayuwarsu a kan raƙuma suna bin diddigin maruwaita, ba su kuma taɓa karɓar shaidar mutum a kan kansa ba. Kamfanin wasan ma, da yake shirya shi tun 1999, ma'aikata ya ajiye suna ƙididdige abin da kowa ya yi a fili, har manyan 'yan wasa su yi ta ƙorafi kowace shekara cewa an tauye su. Da can ko ɗan dambe sai ya kayar da wani kafin makaɗi ya ambace shi. Yanzu yaro shi ne gwani, shi ne maroƙi, shi ne alƙali, kuɗin data kuwa daga aljihuna.

Amma wa zai ga laifinsa? A gidan uban wa ya koya? Mu ne fa muke wayar gari mu tarar maƙwabcinmu, wanda jiya muka rabu da shi a wurin mai shayi, ya zama Dakta ba tare da ya kwana a aji ba, jibi ya zama Ambasada na zaman lafiya alhali ba ya ga maciji da ƙanensa saboda gadon kango, gata kuma ya dawo da rawani daga wani ƙauye da shi kansa sai da kwatance ya gane hanyarsa. Mu ne muke tashi tsaye mu tafa, mu sayi shafin jarida mu taya murna. Kwanan baya aka aiko mini da katin ɗaurin aure, wanda uban amarya ya jera Alhaji da Dakta da Injiniya da Kwamared da sarautu biyu, ya bi su da haruffan lambobin girma har suka gangaro layi na huɗu, ga hotonsa da babbar riga ya cinye rabin takardar, sunan ango kuwa sai da na ɗauko tabarau. Na juya gaba, na juya baya, ban ga inda aka rubuta masallacin da za a ɗaura ba, sai da na buga waya, aka ce mini mai ɗab'i ne ya ce wuri ya ƙare, aka ba Alhaji zaɓi tsakanin masallacin da Kwamared.