Kowane Zazzaɓi a Wurinmu Maleriya Ne

Mu dai a unguwa kowa likita ne. Yaro ya kwanta jiki ya yi zafi rau, kafin uwarsa ta buɗe baki maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta yanke hukunci: maleriya ce. Ya kwana uku bai tashi ba, sai mu ƙara masa da taifot. A aiki ƙaninsa kemis a haɗo magani, a dafa ganyen darbejiya a yi masa sirace, kaka na gefe tana cewa a nemo saiwar shawara. Jini kuwa ba mai cewa a ɗiba a gwada.

Alhali sauro ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani ɗan baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, shi da rana yake cizo, da hantsi da la'asar, lokacin gidan sauronmu na naɗe a ƙusa, in ma ba mu kewaye shukar tumatir da shi ba. Shi ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, kuma ruwan da muka tara da hannunmu ya fi so. Randar da muke taƙama da sanyinta, duron da muka cika saboda famfo ba tabbas, kaskon shan ruwan kaji, tsohuwar tayar da muka ɗora a rufi kada iska ta yaye kwano, duk nan yake ƙwai. Ƙwan ya manne a jikin mazubi ya yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ɓarawo na cikin gida, muna ta gadin ƙofa!

A 2023 dengi ya kashe mutum fiye da 700 a Burkina Faso, Chadi ta sanar da ɓullarsa a Abeche cikin Agusta, zuwa Nuwamba ga shi a Sakkwato, inda hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta tabbatar da mutum 13 cikin 71 da aka yi zargi. Sauron nan ba ya nisa da gidan da aka ƙyanƙyashe shi. Mu ne matafiya, mu da biki ba ya wuce mu, fatauci ba ya wuce mu, zumunta a ƙafa take, sai mu ɗauko cutar a jini mu kai wa sauron wani gari.

Abin da ke damuna, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke tattara rahoton cututtuka daga asibitoci, amma wanda ya je asibiti kaɗai yake iya ƙirgawa. Sauran mu muna ɗaki da haɗin kemis, wani lokacin har da asfirin ko ibuprofen a ciki, waɗanda ke iya jawo wa mai dengi zubar jini. Wanda ma ya daure ya je, aka tsaga masa ɗan yatsa gwaji ya nuna ba maleriya, sai ya fito yana cewa abin gwajin ne ya lalace, mu kuma mu taya shi da "ai dama", mu raka shi kemis.