Teburin duba yadi

Kawuna ya yi shekara ashirin da wani abu yana duba yadi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, tun zamanin da jiniya ce ke tashin unguwar daga barci. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, amma idon Kawu bai yi ritaya ba. Har yau a Sabon Tasha in mutum ya sayi yadi mai tsada, shi ake kawo wa ya gani.

Wata Asabar da yamma, ana gobe Jibin Ubangiji, sai ga wani dattijon ikilisiyarmu da bandir ɗin atamfa, wai ankon mawaƙa ne na bikin godiya, daga aljihunsa. Duk layin an san shekaranjiya ya cire ƙofar ɗakin wata gwauruwa da ke haya a gidansa saboda bashin wata uku, ga damina, ga yara huɗu. Ba wanda ya ce uffan. Wa zai taɓa mai rufin majami'a?

Kawu ya ware yadin, ya ɗaga shi saitin rana, ya daɗe yana kallo.

"Dattijo, ka tuna mini da wani masaƙi da muka yi aiki tare. Gwani ne, ba a kai shi sauri. Sai dai in zare ya tsinke masa a aikin dare, ba ya tsayar da inji ya gyara. Ƙulli yake yi a gurguje, ya tura shi ta ciki, ya ce in an buga fure ai shi ke nan. To, mu kuma teburinmu fitila gare shi ta baya. Yadi na bi ta kai, ƙullin nan sai ya fito baƙi ƙirin kamar ƙuda a nono. Kuma kowane bandir da lambar injinsa."

"Sai aka kore shi?" in ji Dattijo.

"Ina! Zuwa ya yi yana faɗa, wai ta waje ba a gani. Na ce masa, ɗan'uwa, ni mai sauƙi ne. Matar da za ta ɗaura shi ita ce abin tsoro. Wanki biyu, daidai wurin ƙullin zai yage, kuma a tsakiyar kasuwa. Mutumin nan bai ƙara magana ba. Daga ranar, kafin a kawo yadinsa tebur, sai ya ɗauki tocila ya bi shi kamu-kamu da kansa. Abin da ya samu ya warware, ko da zai kai asuba."

Mu yara mun san gobe fasto zai karanta Korintiyawa ta fari sura 11, inda aka ce kowa ya gwada kansa, kafin a raba gurasa, kamar kullum. Sai kowa ya shiga kallon ƙasa.

Kawu ya naɗe atamfar a hankali, ya miƙa da hannu biyu.

"Wannan taka kam ba ta da aibi, Dattijo. Furen ya fita sosai."

Dattijo ya yi godiya, ya ce sai da safe. Ya kai bakin titi kafin a aike ni da gudu in kai masa bandir ɗin da ya manta a kan benci. Na same shi tsaye gaban rumfar kafinta, yana tambayar ko ya tashi aiki.