Alƙalan Ɗakin Kwana

Mu mutanen Shahuci akwai mu da alfahari da ilimi. Baƙo bai isa ya zauna a dakalinmu ba, kafin shayinsa ya huce sai mun sanar da shi cewa a firamaren nan tamu Malam Aminu Kano ya yi karatu, kuma a unguwar nan aka buɗe makarantar koyon alƙalanci a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Duk gaskiya ne. Abin da ba ma gaya wa baƙo shi ne irin bakin da muke da shi. Yaro ba ya wucewa ta gaban majalisa sai an auna tafiyarsa, an saurari muryarsa, an duba yadda ya riƙo ledar cefane.

Namiji a wurinmu shi ne wanda ya dawo gida da faso a ƙafa, rigarsa ta yage a filin ƙwallo, an taɓa fasa masa kai ko shi ya fasa wa wani. Wanda Allah ya yi shi mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya ashar, sai ka ji an ce, "Wannan fa a sa masa ido." Balle a ce uwarsa ba ta da 'ya mace, shi ke wanke-wanke, shi ke hura wuta, har ya iya tuƙa tuwo babu gudaji. Uwar tana ɗaki tana sa masa albarka, ƙanenta na tsakar gida yana cewa, "Yaya, wallahi kin kusa mayar da yaron nan ɗan daudu." A kwashe da dariya. Yaran gidan suna ji, na maƙota suna ji, kuma gobe duk aji ɗaya za su zauna. Wasa farin girki.

Abin da ke ba ni dariya shi ne ranar biki. Sai ka ga Alhajin da ya fi kowa tsuke fuska a kan wannan magana ya tasa farantin waina da soyayyiyar kaza a gaba, yana siɗe yatsu, bai tambayi wanda ya tsaya a bakin murhu ba, alhali ya sani sarai. Tun zamanin kakanni 'yan daudu ke sana'ar abinci a tashoshi da kasuwannin Kano. Har wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zo ya zauna da su a shekarun 1990, ya rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 2009. Da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hisba a 2003, harkar ta ja baya daga idon jama'a. Wannan lamarin manya ne, yana tsakaninsu da hukuma da malamai. Ni maganar yaro ɗan aji ɗaya nake yi, wanda ko gemu bai san inda zai fito masa ba.

Ku bi shi makaranta ku gani. Malam ya kira suna, ya amsa da siririyar murya, aji ya fashe da dariya, malam ma ya ɗan murmusa. To wannan murmushin shi ne izini. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa sunan mata, wasu na kiransa Hajiya, wasu Amarya. Yana tafe ana bin bayansa ana kwaikwayon rangwaɗar da shi bai ma san yana yi ba. Bencinsa ya zama na shi kaɗai, domin duk wanda ya zauna kusa da shi, shi ma ya shiga uku. Idan an fita tara sai ya zauna a aji da kuɗinsa a aljihu, ya gwammace yunwa da layin mai awara. Banɗaki kuwa sai ya riƙe har a tashi. Ƙara fa? Ya je ofis ya ce an ce masa me? Kalmar ma nauyi take yi masa a baki. Idan ya daure ya faɗa a gida, amsar da zai samu ita ce, "To kai ma ka gyara tafiyarka mana." Daga nan sai ciwon ciki duk safiyar Litinin. Bayan zango biyu ya ce shi a kai shi kasuwar Kwari wajen kawu, mu kuma mu yanke hukunci cewa da ma ba shi da kan boko.

Wannan a jeka-ka-dawo ke nan, inda yaro ke kwana a gaban uwarsa. A makarantar kwana siniyoyi ne gwamnati da zarar an kashe fitila. Dukanmu da muka yi ta mun san gwale-gwale, har muna ba da labarinsa muna dariya, wai shi ya mayar da mu maza. A watan Yulin 2025 dariyar ta ɗauke. A sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, ɗalibai suka yi wa 'yan uwansu dukan da ya kashe biyu, kuma kamar yadda jaridu suka ruwaito, zargin luwaɗi aka yi musu. 'Yan sanda suka kama ɗalibai 11. Iyaye sun kai 'ya'ya karatu da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wasu aka ba su gawa, wasu nasu suka shiga hannun hukuma.

Da maganar ta zo majalisa, ba a rasa mai cewa "ai da ma" ba. Tsohon hedimastan da muke zama da shi ne ya ajiye kofinsa ya ce, "Alhaji, da ma me? Kana wurin?" Sai ya tuna mana abin da duk muka karanta a zaure muka yi kamar mun manta. A fiƙihun Malikiyya irin wannan zargi ba ya tabbata sai da shaidu 4 adalai ko iƙirari, a gaban alƙali. Wanda ya jefi mutum da shi bai kawo shaidu ba, ƙazafi ya yi, bulala 80 ce a bayansa. Suratul Hujurati kuma ta hana izgili, da jifan juna da munanan laƙabi, da bin diddigin asirin mutane. Ya ce unguwar da ta horar da alƙalai shekara da shekaru, ita ce za ta zauna tana nema wa ɗan aji shida mai riƙe da sanda uzuri? Alhaji ya ce shi tarbiyya yake karewa. Malam ya ce tarbiyyar da ke ƙarewa a makabarta, a ba wa wani.

Ba wai babu doka ba. Kano ta samu dokar kare ƙananan yara a 2023. Sai dai doka ba ta zagaya ɗakin kwana da tocila ƙarfe biyun dare, mutum ne ke yi, mutumin kuwa sau da yawa yana cikin gari wajen iyalinsa. Ofishin mai ba ɗalibai shawara, a makarantun da ma ake da shi, galibi karyayyun kujeru ne suka cika shi. Mu iyaye kuma ranar ziyara sai mu sauke kula, mu tambayi na nawa ya zo a jarrabawa, mu kama hanya. Babu mai cewa ɗaga rigarka in ga bayanka, babu mai tambayar da wane suna ake kiransa.

Malam dai ya yi rantsuwa cewa taron iyaye da malamai mai zuwa zai miƙe ya tambayi wane malami ne ke kwana kusa da yaran, kuma wa yaro zai gaya wa idan an sa shi a gaba. Mai shayi ya ce, "Baba, Allah ya ba ka sa'a, amma ka je da wuri. Da an gama maganar kuɗin gyaran famfo kowa takalminsa yake nema."