Mu da Ba Ma Zuwa Asibiti da Ƙafarmu

Mu matan wannan yankin, tun daga Bebeji da Ƙiru, ka bi ta Kwanar Ɗangora ka gangara Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa, muna da ƙa'idar da babu wanda ya rubuta ta: mace ba ta zuwa asibiti da ƙafarta, sai dai a ɗauke ta. Ki ce wa maƙwabciya za ki je a duba ki, sai ta dafe ƙirji: "Subhanallahi, Yaya, me ya same ki?" Ki ce lafiyarki ƙalau, kafin la'asar unguwa ta rabu biyu. Wasu su ce ciki kike ɓoyewa, wasu su ce kuɗi ne suka yi miki yawa.

Cututtukan da muka yarda da su kuwa uku ne: sanyi, basir da shawara. Ciwon mara sanyi ne. Ruwa mai wari sanyi ne. Jinin da ya dawo wa dattijuwa shekaru bayan ta daina al'ada, shi ma sanyi ne, ya dai yi mata yawa. Mai magani da ke kafa lasifika a kan mota ranar kasuwa ya san mu sarai, shi ya sa jarkarsa ɗaya take kashe duka ukun, har da ƙarin ni'ima kyauta.

Awo muna zuwa, kar a zalunce mu. Sai dai muna zuwa ne ciki na wata bakwai, don a samu kati saboda ranar haihuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko a cikin watanni ukun farko. Mu a wata uku ko uwar miji ba ta sani ba, balle malamar asibiti. In na fari ne kuma, kunya ta hana a ambace shi gaba ɗaya. Ƙafa ta kumbura, a ce ai tagwaye ne. Kai ya dinga sarawa, ido yana ganin dishi-dishi, a jiƙa maganin zaƙi. Alhali waɗannan na iya zama alamun hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga, kuma gano shi bai wuce a ɗaura abin awo a damtse a duba fitsari ba. A wurin awon ake ba da maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar tetanus. Gidan sauron da aka ba mu kuwa, Allah Ya sa ba shi ne maigida ya rufe irin tumatir da shi ba.

Inda rahar take ƙarewa shi ne maganar daji. Ko sunansa ba ma son kamawa. Mace ta ji ƙullutu a nono, ba ya ciwo, sai ta ce ai tunda ba ya ciwo ba komai, nono ne ya kwanta. A shafa wannan, a turara wancan, a tuhumi kishiya. Sai ya fashe a ɗauki shatar mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, bayan an sayar da masarar shekara da awakin gidan. In ba a dace ba, mu koma zaure muna cewa asibiti ba ya maganin daji, mun manta yaushe muka kai ta.

Sankarar bakin mahaifa ta fi ban haushi, domin tana shafe shekaru tana ba da sanarwa kafin ta zama ciwo. Ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu. Ana iya ganin farkonta da gwajin 'yan mintoci, a magance shi tun bai zama komai ba, kuma matan da suka kai shekara 30 ake fi so su yi. Ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 akwai allurar rigakafi kyauta, guda ɗaya, wadda aka fara a watan Oktoban 2023. Da ta zo, nan take muka zama malaman kimiyya: ai ta hana haihuwa ce. Wannan karatun mun yi shi a 2003 kan rigakafin shan-inna, kuma yaran da aka ɗiga wa daga baya ga su nan muna zuwa sunan 'ya'yansu.

Abin dariyar, gwaji ba ya ba mu tsoro in aure ne a gaba. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amarya da ango kan miƙa hannu a ɗebi jini babu gardama, kada ɗaurin aure ya samu tangarɗa. Ashe mun san hanya.

Saura ku, iyayen gida. Mun san wani a cikinku zai ba da kuɗin anko da fara'a, amma a ce kuɗin mashin zuwa awo sai ya tambaya ko tsohuwarsa ta taɓa yin awo. Malam, ka ba ta izini ka ba ta na mota. Ke kuma Yaya, ranar da kika kwashi adashe ki ware na gwaji tun kafin mai atamfa ta ji labari. Ki je a auna jininki, ki ce a duba miki nono, ki tambaya inda ake gwajin bakin mahaifa, kuma in namiji ne a ɗakin ki nemi a haɗa ki da mace.