Hukuncin Kwamfutar da Ta Sume a Sahon Rami

Kwamfutar cinya, wadda matasa ke kira laftof, a gari irin Sahon Rami da ke ƙasar masarautar Kontagora dukiyar jama'a ce, domin da ita malamin makaranta ke haɗa sakamakon ɗalibai, da ita yaran unguwa ke koyon danna amsa kafin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma a cikinta hotunan bikin dangi kaf suke kwance. Shi ya sa ranar da aka danna maɓalli ta yi gum, nan take gida ke rabuwa mazhaba biyu: masu cewa da sabon gini gara yaɓe, da masu cewa a rabu da ita a huta.

Kafin a saurari kowane ɓangare, wajibi ne a haramta wa marar lafiyar magungunan gargajiya, wato ɗaka mata duka a gadon baya, da binne ta cikin buhun shinkafa, da miƙa ta ga yaron maƙwabta wanda shaidarsa ɗaya ita ce ya taɓa kwance rediyo, rediyon da har yau bai haɗu ba. Bayan haka sai a fara tuhumar caja, domin wutar janareta mai hawa da sauka ita take fara kashewa, kuma aron cajar wani mai irin bakinta da ƙarfinta ya isa ya raba gardama. Idan fitilar ta kama, fanka na juyawa, amma fuska ta tsaya baƙi ƙirin, sau da yawa laifin ram ne, wato ɗan siririn allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, wanda girgizar babur a kan gargada ke kwancewa daga mazauninsa. A cire shi, a goge haƙoransa da magogin fensir, a mayar, sai a ga wadda dangi suka fara yi wa ta'aziyya ta buɗe ido. Wadda kuwa ke tashi ta yi zafi ta ɗauke, ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanyar iska, wani lokacin har da iyalan kyankyaso da suka tare a ɗumin cikinta ba haya. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga maɓallai ba a jinkiri da shi, a cire shi ranar, domin sinadarin litiyam da ke cikinsa yana kamawa da wuta.

Duk waɗannan gyare-gyare ne masu sauƙi, kuma a nan mazhabar yaɓe ce ke da gaskiya. Shari'ar tana sauyawa ne idan mai gyara a Kontagora ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce fanel ne, wato babban allon da kowane sashe ke manne a jikinsa. A nan zai ce a dawo jibi, kuma jibin mai gyara wa'adi ne mai faɗi, ko da yake yana da uzuri, tunda kayan daga Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ake jiran su. Ma'aunin da ya dace shi ne a kwatanta kuɗin gyaran, haɗe da kuɗin motar zuwa da dawowa, da farashin 'yar kwatano mai lafiya, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka aka shigo da ita. Idan gyara ya haura rabi, tsohuwar ta gama hidimarta. Shekaru ma suna da ta cewa, domin kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar galibin injinan Intel da suka girmi 2017. Sai dai tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, don haka tsohuwar da jinkiri kawai ke damunta ta cancanci a sa mata SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, kafin a yanke mata hukunci.

Ko wace mazhaba ta yi nasara, ma'ajiyar bayanai ta mai gida ce: a ciro ta a gaban idonsa, a sa ta cikin ɗan akwatin da ake jonawa da wata kwamfutar, a kwashe takardu da hotuna. Idan kuwa an yanke a rabu da kwamfutar, gangar jikin a fara tallata wa mai gyara, wanda ke buƙatar fuska da maɓallai, kafin a kira ɗan jari-bola, wanda nauyi kawai yake aunawa.