Yatsu na Gudu, Jita Ba Ta Ce Komai Ba

Akwai wani makaɗi, ba sai an kama suna ba, wanda in ya rungumi jita sai ka ce kura ce ta biyo shi. Yatsu na tsere a kan tsirkiya, gumi na zuba, shi kuma yana leƙen fuskokin jama'a ya ga ko an yaba. Ana tafa masa kam, amma kafin a kai gida babu mai iya tuna ko gaɓa ɗaya ta abin da ya kaɗa. Wannan bawan Allah har yana raina masu kiɗa a hankali, wai hannunsu ne ya mutu. Da zai zauna ya saurari B.B. King, mutumin Misisifi a Amurka da ya rasu a 2015, da ya ji yadda ake danne tsirkiya ɗaya, a tura ta sama har muryarta ta ɗaga, a karkaɗa wuyan hannu ta yi rawa kamar maƙogwaron mai kuka, sannan a yi shiru. Shirun nan ma kiɗa ne, a cikinsa mai sauraro yake haɗiye abin da aka faɗa masa. Ali Farka Ture na Niyafunke a Mali ya kasance yana maimaita 'yar gajeriyar jimla ɗaya har ta zauna a ƙirjin mutum, shi ya sa faifansa da Ry Cooder na 1994 bai tsufa ba.

Na san abin da mutumin namu zai ce: ai sauri ma gwaninta ce, wanda bai iya ba ne yake kushe ta. Gwaninta ce, babu musu, kuma shekaru ake yi ana nemanta. Paco de Lucía na Sifaniya ya yi gudun da kaɗan ne suka kamo ƙurarsa, Django Reinhardt kuwa, bayan gobarar 1928 ta nakasa masa yatsu biyu na hagu, da sauran biyun ya riƙa tsere. Sai dai gudunsu na ɗan aike ne mai ɗauke da saƙo: suna taka birki, su ja numfashi, su zabura daidai inda zuciya ta hau. Shi kuwa mutumin namu, daga farkon waƙa har ƙarshenta gudu ɗaya ne, ko ta biki ce ko ta makoki. In aka ce ya riƙe sauti ɗaya na daƙiƙa biyar, a nan za a ga hannunsa na rawa, idonsa na neman wurin gudu.