An Sallamo Ta, Sai Mu Ce Ta Warke

Mu dai a unguwar nan ba a fin mu iya dubiya. Ranar da aka ce an yi wa wance aikin sankarar mama, kafin la'asar ɗakinta ya cika: mai kwanon farfesu, mai katan ɗin Maltina, mai gwangwanin madara. Aka fara kemo gashi ya zube, mu ne da kawo ɗankwali da addu'a. Amma da ɗinki ya kame, gashi ya soma tsirowa, shi ke nan: "Ai ta warke, alhamdu lillahi." Daga nan sai mu shiga warware aikin likita da sunan ƙauna.

Ku dubi maganar ƙwayar da ake sha bayan aiki. Yawancin sankarar mama da sinadarin jikin mace, estrogen, take girma. In gwaji ya nuna irinta ce, sai a ɗora mace a kan tamoxifen, kullum sai ta sha, shekara 5, wata ma har 10. Wadda al'adarta ta ɗauke sau da yawa letrozole ko anastrozole ake ba ta. Kuma ba don ado ba: wadda ta cika shekara 5 tana shan tamoxifen, haɗarin mutuwa daga cutar yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. To mu me muke cewa? "Haba Yaya, har yanzu kina shan maganin nan? Ke da kika fi mu lafiya!" Ita kuwa dama zafin jiki da gumin dare sun ishe ta, ga kuɗin saye. Sai ta tura kwalin ƙarƙashin katifa. Da ta gaya wa likita, da wataƙila ya sauya mata wani ko ya ba ta abin da zai sassauta. Wannan irin ciwon kuwa kamar garwashi yake a cikin toka, yakan yi shekara 10 ko 15 shiru, sannan ya ɓullo a ƙashi ko hanta ko huhu.

Sai dangin miji su ɗora nasu: "Yaushe za a yi wa auta ƙani?" Ba a ɗaukar ciki ana shan tamoxifen, yana iya yi wa ɗan tayi illa. Ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadari ma ba nata ba ne yanzu, balle haɗe-haɗen kayan mata da ba wanda ya san abin da ke ciki.

Inda muka fi ƙwarewa shi ne ɗura. "Kin rame, Hajiya, daure ki ci." A kawo lemo, a kawo soye-soye, wata har sha-ka-fashe take raɗa mata. Alhali bayan ɗaukewar al'ada kitsen jiki ne ke samar da estrogen ɗin da ake gudu. Abin da likitoci ke so shi ne ta motsa: tafiya da sauri ta rabin awa, kwana 5 a mako. Ta ɗau mayafi za ta zaga, sai mu tare ta a ƙofa: "Ina zuwa? Marar lafiya da yawo!" A karɓe mata tsintsiya, a shimfiɗa mata tabarma.

Ga mu da raɗa wa ciwo suna. Baya ya yi makonni yana ciwo, sanyi ne. Tari ya ƙi tafiya, hunturu ne. Ido ya yi rawaya, shawara ce, a jiƙa saiwa. Ƙullutu ya fito a kan tabon aiki ko a hammata, sai wata ta ce daji ba ya son allura, kada a koma. Ga mace mai irin wannan tarihi, kowannensu na asibiti ne a makon, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Ranar katin ma ai ba ma tunawa. A shekarun farko duk wata 3 zuwa 6 ake son ganinta, a kuma ɗau hoton ɗaya nonon kowace shekara. Wadda aka rubuta wa gashi da na'ura (radiotherapy) sai ta tafi har Shika ko Sakkwato ko Abuja, ta yi makonni a can. Anko dai mukan fitar da shi cikin kwana biyu, har da na 'yan yara. Kuɗin motar nan kuwa, har yau ita da mijinta muke bar wa.